Ramukan Kuza Da Ke Ciyar Da Ikko

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko tsakanin watan Disamba da watan Afrilu ya ga yadda manyan motoci ke jere, ana sauke buhunan kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa, 'yan dako suna ta kai da kawowa, dillalai suna ciniki tun gari bai gama wayewa ba. Haka abin yake a Badun, haka a Anacha da Inugu da Fatakwal. In aka tambayi direba daga ina, sau da yawa amsar guda ce, daga Jos. To, amma a cikin dubban 'yan Arewa da ke cin abinci a gindin waɗannan motoci, tun daga maigida mai saukar baƙi har zuwa yaron da ke tura baro, ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu da wane ruwa aka shayar da wannan kaya, alhali kuwa a watannin nan da ƙyar ake ganin ɗigo daga sama a ƙasar Filato. Tambayar ta cancanci a yi ta, domin abincin gidaje da yawa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun a jikin wannan ruwa yake rataye.

Ƙasar Jos tudu ce, tsayinta ya kai wajen mita 1,200 bisa teku. Ruwan sama yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Oktoba, wajen milimita 1,400 a shekara, amma da yake tudu ne ruwan ba ya zama, gangarawa yake yi ta kowace fuska ya tafi ya cika kogunan wasu. Kogin Kaduna daga nan ya taso, haka Gongola, haka kuma Dilimi wanda ya ratsa tsakiyar garin Jos ya nufi ƙasar Bauci, ruwansa ya bi ta Jama'are ya doshi Tafkin Chadi. Watau ƙasar tana da arzikin ruwa, amma ba ta da randar ajiye shi. Randar da ake amfani da ita yau Turawan kuza ne suka haƙa ta, ba kuwa da niyyar yi wa kowa alheri ba.

Tun kafin Bature ya zo mutanen ƙasar nan sun san kuza, maƙeran Liruwe suna narka ta, fatake suna kai ta nesa. Amma haƙa irin ta kamfani ta fara ne daga wajen 1904, bayan da wakilan Kamfanin Neja suka hau tudun suka ga abin da ke kwance cikin rafuka. Kafin a ce kwabo kamfanoni sun cika ƙasar. Aka jawo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin dogo kuma ya iso ta Kafanchan a 1927, duk don a kwashe kuza zuwa bakin teku. Leburori suka yi ta tuɗaɗowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Barno, har da ƙasar Faransi, wani neman kuɗin haraji, wani neman kuɗin aure. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai aka shiga kamo talakawa daga lardunan Arewa ana turo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa a barikoki. A 1943 ne kuzar da aka fitar ta kai yawan da ba ta sake kaiwa ba. Manyan injunan tona ƙasa na kamfanoni irin su ATMN na Bukuru suka riƙa buɗe ramuka masu faɗi da zurfi, suna tara jar ƙasa tsibi-tsibi a gefe. Da kuzar da ke sama-sama ta fara ƙarewa kamfanoni suka soma ja da baya, sa'an nan kasuwarta ta duniya ta rushe a Landan cikin watan Oktoba na 1985. Aka kwashe komatsai, aka bar wa mutanen ƙasa fili sama da murabba'in kilomita 300 a lalace, da ramuka ɗaruruwa daga Naraguta zuwa Rayfield, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Tun 1946 doka ta ce kamfani ya gyara inda ya tona, amma kaɗan aka cike, wani wurin ma itacen turare kawai aka dasa aka ce an gyara. Damina ta zo ta cika sauran da ruwa.

Leburorin nan da 'ya'yansu su ne suka fara ganin abin da kamfani bai gani ba. Bakano da Bazazzagi da Basakkwace sun zo da sanin lambu daga gida, sun san jigo da guga, sun san yadda ake yanka komaye a ja ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko a bakin Dilimi da ƙananan rafuka suka kafa, suna noma latas da kabeji da karas suna sayar wa Turawan kuza da akawunansu, domin sanyin Jos yana karɓar kayan lambun Turawa fiye da yawancin ƙasashen Arewa. Da aikin kuza ya mutu, wanda aka sallama daga bariki sai ya ɗauki fartanya. Amma jigo yana da iyaka. Mutum ɗaya ne ke jan guga da ƙarfin damtsensa, saboda haka tilas lambun ya zama ƙarami, tilas kuma ya zama a bakin ruwa. Abin da ya buɗe ƙasar shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, wanda ya soma yaɗuwa cikin shekarun 1980, ya kuma ƙara yawa da zuwan shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990. Injin da mutum biyu za su ɗauka, ko a ɗaure shi a bayan babur, yana iya zuƙo ruwa daga kududdufi mai zurfi ya tura shi ta mesa har kan tudu mai nisa. Da wannan ne ramin da a da ake yi wa kallon makashin yara da shanu ya koma rumbun ruwa, tudun da ba ya fid da ko ciyawar kirki da rani ya koma kore shar. Har dankalin Turawa, wanda Filato ce ke noma mafi yawansa a Nijeriya, ya shiga noman rani, kuma manoma sun lura cutar ƙunar ganye da ke cinye shi da damina ba ta cika samun sa da rani ba.

A tuna fa, a daidai wannan zamani ne gwamnatoci ke zuba miliyoyi a manyan madatsun ruwa. A 1976 Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa hukumomin raya koguna, a shekarar ne kuma Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, sa'an nan Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na bunƙasa aikin gona a 1980. An gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978, ruwa ya cinye gonakin talakawa, da suka tashi neman diyya kuwa 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka kashe mutanen da har yau ba a daidaita kan adadinsu ba. A Barno an haƙa magudanai masu tsawon gaske don a ja ruwan Chadi zuwa gonakin alkama da shinkafa a yankin Marte, sai tafkin ya janye da farin shekarun 1980 ya bar magudanan a bushe. Su kuwa masu lambun Jos ba wanda ya yanka musu kintinkiri, ba ɗan kwangila, ba Bature injiniya, amma su ne har yau motocinsu ke yin tafiyar kusan kilomita dubu ta Akwanga da Lakwaja su iso Ikko da kaya. Da a ce ana raba lambar yabo bisa gaskiya, da an san inda za a kai ta.

Sai dai ruwa kaɗai ba ya yin lambu, kuma a nan ne maganar take. Ƙasar Filato mai tsami ce, ba ta da ƙarfi, wadda injin kamfani ya birkice kuwa ta fi muni, domin an binne ta samar an fito da ta ƙasan. Kafin irin wannan wuri ya fid da kan kabeji mai nauyi sai an yi masa hidima shekara da shekaru. Masu lambun Jos sun shahara da wata dabara tasu. Sukan sayi sharar gari mota-mota, a juye musu a bakin gona, su tsince kwalabe da gwangwanaye, su ƙona saura, su haɗa tokar da kashin kaji da na shanu da ɗan takin zamani gwargwadon ƙarfin aljihu. Malaman Jami'ar Jos da na Jami'ar Durham ta Ingila sun yi shekaru suna bin waɗannan manoma a wurare irin su Dilimi da Rayfield, suka kuma tabbatar da abin da manoman suka daɗe da sani, cewa toka tana kashe tsamin ƙasa, kuma haɗin nan ya fi takin zamani shi kaɗai riƙe gona. Watau ƙasar lambun Jos ba gadonta aka yi ba, gina ta aka yi da hannu, kamar yadda ake gina ɗaki.

To, wa zai gina ɗaki a filin da bai san ko baɗi za a bar shi ya kwana ciki ba? Yawancin masu lambu na farko ba su mallaki wurin da suke nomawa ba. Filin na gidajen Birom ne ko Anaguta ko Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, ko sauran masu ƙasa. Aro ake yi ko haya, da baki, rani ɗaya rani ɗaya. A da wannan shiri ya yi wa kowa daɗi. Mai lambu ya shiga bayan kaka, ya zuba taki, ya yi ban ruwa, ya kwashe amfaninsa, da hadari ya taso kuma ya miƙa wa mai fili, shi kuma ya shuka masara ko acca a ƙasar da ta riga ta sha taki, ya sami abin da bai taɓa samu ba. Ba takarda, ba lauya, ba alƙali. Amana ce kawai, da goro, da ɗan kason amfani in an yi girbi.

Abubuwa biyu suka taɓa wannan amana. Na farko abin farin ciki ne ga duk mai son gaskiya. Samarin Birom da suka yi ƙwadago a lambunan Hausawa sun koyi sana'ar, suka sayi injunansu, suka shiga noman rani a filayen iyayensu. Malaman nan da suka kwatanta halin da ake ciki a 1991 da na 2001 sun tarar noman ya faɗaɗa ƙwarai, kuma masu ƙasa sun shigo shi da ƙarfi. Ba laifi ba ne mutum ya noma gonar ubansa, kuma Bahaushen da ya koyar bai yi asara ba, tun da yawan kaya shi ne yawan ciniki, cinikin kuwa har kudu 'yan'uwansa suna da babban hannu a ciki. Na biyun shi ne bala'in. Tun daga ranar 7 ga Satumba 2001, lokacin da aka yi kwanaki ana kashe-kashe a Jos har aka rasa rayuka wajen dubu, sai na Nuwamba 2008, sai na Janairu da Maris 2010 da ya cinye Kuru Karama da Dogo Nahawa, garin ya tsage gida biyu. Unguwa ta zama ta Musulmi ko ta Kirista, kasuwa ma haka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gyara wani fili sai ya wayi gari ba ya iya taka ƙafa wurin, mai filin ma da ya saba kai kayansa wata kasuwa sai ya ji tsoron shiga. A ƙauyuka kuwa rigimar manoma da makiyaya ta ɗora nata, ana sare amfanin gona da dare, ana kashe shanu, ana ramuwa, har aka kai ga abin da ya faru a Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, inda aka hallaka mutane fiye da ɗari. Ba wani ɓangare da bai binne nasa ba.

Abin da ba a cika lissafawa ba cikin asarar shi ne ƙasar kanta. Manomin da ba shi da tabbacin baɗi ba zai sayi motar shara ba, ba zai jibga kashin kaji ba, ba zai binne bututu ba, ba zai dasa ko bishiya ɗaya ba. Zai watsa takin zamani mai saurin aiki, ya tatse abin da zai tatsa, ya ƙara gaba. Mai fili ya karɓi gonarsa a gajiye. Shekara kaɗan sai a ji ana cewa ƙasa ta mutu, alhali kuwa rashin tabbas ne ya kashe ta.

Saboda haka abin da lambun Jos ya fi bukata a yau, kafin inji, kafin taki, shi ne takardar haya ta shekaru, a ce biyar ko fiye, wadda mai fili da mai lambu za su sa wa hannu gaban dagaci ko mai unguwa, a ajiye kwafi a ofishin Ƙaramar Hukuma. A rubuta iyakar fili, a rubuta watan shiga da watan fita, a rubuta abin da za a biya, a rubuta kuma abin da za a mayar wa mai lambu in an tashe shi kafin wa'adi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta ba ƙananan hukumomi hannu a sha'anin filayen karkara, ba sai an jira wata sabuwar doka daga Abuja ba.

Za a ce masu ƙasa ba za su yarda ba, kuma duk ɗan Arewa da ke karanta wannan a Kudu ya kamata ya tsaya ya fahimci dalilinsu kafin ya yi fushi. Mutumin Birom ya ga takarda tun kafin yau. Da takarda kamfani ya shiga gonar kakansa, aka ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, aka bar masa rami. A idonsa duk takardar da baƙo ya riƙe kan fili, ƙafar farko ce ta raba shi da filin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma ba a kawar da shi da gardamar wa ya fara zama a Jos, gardamar da aka kafa wa kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya, rahotanninsu suna kwance cikin akwati. Hanyar kawar da shi ita ce takardar ta fara da faɗin abin da mai fili ke son ji, ƙarara, cewa filin nasa ne da zuriyarsa, haya ba ta zama mallaka ko an shekara ɗari, kuma da cikar wa'adi yana da ikon ya sabunta ko ya karɓi abinsa. Irin wannan takarda ta fi maganar baki kare shi, domin maganar baki ita ce wadda jikoki ke musu a kanta bayan shaidu sun mutu. 'Yan Arewa mazauna Kurmi sun fi kowa sanin wannan. Wanda ya kama rumfa a Ikko ko Anacha ya san bambancin kwanciyar hankalin mai rasit na shekara biyu da na wanda ke zaune bisa alfarma, kuma bai taɓa cewa rasit ɗin ya mayar da rumfar tasa ba. In fadar Gbong Gwom Jos da shugabannin Hausawa da na Fulani da na manoman Birom suka amince da kalmomi iri ɗaya, aka buga su da Hausa da Turanci da harshen masu fili, sauran aikin na dagatai ne.

Bayan fili sai ruwan kansa. Lokacin jigo ba wanda ya damu da rabon ruwa, domin damtse yakan gaji kafin kududdufi ya ragu. Inji kuwa ba ya gajiya. Yanzu a kan ga injuna da yawa sun kewaye rami ɗaya, kowa yana zuƙa, zuwa watan Maris wasu ƙananan kududdufai da rafuka sai laka, a daidai lokacin da zafi ya tsananta shuka ta fi bukatar sha. Na sama a rafi ya tare, na ƙasa ya yi asara. Ga makiyayi da ke son hanyar da shanunsa za su bi su sha, ga masu buga bulo, ga masu wankin mota. Kuma ga masu kuza sun dawo. Farashinta ya tashi a duniya har tan ɗaya ya taɓa wajen dala 50,000 a watan Maris na 2022, samari suka koma haƙa rijiyoyi a ko'ina suna wanke ƙasa a ruwan da ake ban ruwa da shi, rijiyoyin suna rubzawa suna binne mutane, har Gwamna Caleb Mutfwang ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a farkon 2025. Abin lura, dokar ma'adinai ta Tarayya ta 2007 ta fifita haƙa bisa sauran amfani da fili, watau mai lasin daga Abuja yana gaba da mai kabeji. Ya kamata Gwamnatin Jihar Filato ta ƙidaya ramukan nan ɗaya ɗaya, ta san zurfin kowanne da yawan masu sha daga gare shi, ta ware waɗanda noma ya kafu a kansu ta nemi Tarayya ta hana ba da lasin a bakinsu. Kowane kududdufi kuma a yi masa ɗan kwamiti na masu amfani da shi, da manomi da makiyayi da mai fili, su tsara ranakun zuƙa da mashayar dabbobi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta san Sarkin Ruwa da Sarkin Noma tun kaka da kakanni.

Maganar fetur kuwa ba sai an tsawaita ba, kowa ya ji a jikinsa. Da Shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haye naira 1,000. Mai lambu yana tayar da inji duk bayan 'yan kwanaki har wata uku ko huɗu kafin ya ga kwabo. Wasu sun rage fili, wasu a sassan Arewa sun juya injunansu zuwa iskar gas ta girki, masu hali sun fara sayen famfo mai aiki da hasken rana. Wannan na ƙarshe shi ne ya dace da rani, lokacin da rana ke nan kullum kyauta, amma kuɗinsa na farko yana da nauyi, kuma faifan rana abu ne da ake kafawa a bari. Nan ma an dawo kan maganar farko, ba mai kafa shi a filin da za a iya tashinsa baɗi.

Akwai kuma abin da masu sana'ar ba sa son a faɗa, amma faɗarsa ta fi. Dilimi a cikin gari ya zama bola, magudanan gidaje da na makanikai duk a cikinsa suke zuba, kuma da wannan ruwa ake shayar da latas da kabeji da ake ci ɗanye. Sharar yau ma ba irin ta da ba ce, ta cika da leda da tsofaffin batura, tokarsu tana iya ɗauke da dalma. A wasu wuraren kuma dusar kuza tana da ma'adinai masu fitar da wani tururi mai cutarwa wanda ido ba ya gani. Ba duk lambu ne abin ya shafa ba, kududdufai da yawa na bayan gari ruwansu garau yake, amma sai an auna kafin a san wanne ne wanne. Ga Jami'ar Jos, ga cibiyar bincike ta Vom da ke nan tun 1924. Ranar da wata jarida a Ikko za ta buga cewa kayan Jos guba ne, ba za ta bambanta na Dilimi da na Barikin Ladi ba, kuma kwandon da zai ruɓe a Mile 12 na ɗan Arewa ne.

Wannan ya kawo magana kan su kansu mazauna Kudu. A watan Fabrairu na 2021 faɗa ya tashi a kasuwar Shasha ta Badun, asalinsa tumatir da ya zube a ƙofar wani shago, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta mayar da martani da tare motocin kaya kada su sauka Kudu, aka yi wajen mako guda. An yi ta murna cewa an nuna wa Kudu ƙarfin Arewa, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Ikko. Fushin yana da dalili, jinin mutane ne ya zuba. Amma wa ya biya kuɗin wannan yajin? Watan Fabrairu da Maris tsakiyar girbin rani ne. Hatsi yana jira, saniya tana jira, tumatir da latas da koren wake ba sa jira. Kaya ya taru a kasuwannin Arewa, farashi ya faɗi warwas, wanda ya ci bashi ya sayi fetur da iri shi ya kwana ciki. A Filato kuwa har da ƙarin ciwo, domin da yawa daga cikin masu kayan ba Hausawa ba ne, ba kuma wanda ya shawarce su, sai suka ƙara ganin cewa wuyansu yana hannun dillalin da ba nasu ba. Duk wanda ke son Bahaushe ya ci gaba da samun filin lambu a Filato bai kamata ya so a maimaita wannan ba.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar gwari na Ikko da Badun da Anacha suna da kuɗi, suna karɓar la'ada a kan kowane buhu da kowane kwando, kuma tun da daɗewa dillalai sukan ba manoma bashin iri da taki su biya da kaya. Abin da ya rage shi ne a tsara wannan hannu da ake miƙawa. A ware wani abu daga la'adar a sayi famfunan hasken rana a ba masu lambu bashi, da sharaɗin akwai takardar haya, a ba Bahaushe a ba Birom a ba Irigwe ba tare da tambayar inda mutum yake salla ko sujada ba. A biya kuɗin auna ruwan kududdufan da ake sayen kayansu. A nemi wakilan manoman Filato su zauna cikin shawara duk ran da za a yanke wani hukunci da ya shafi hanya. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu sun shekara aru-aru ko kusa suna zaman baƙunci da masu gari, sun san yadda ake gaida mai ƙasa a zauna lafiya a ci arziki, kuma maganarsu za ta yi nauyi a Jos fiye da ta ɗan siyasa mai neman ƙuri'a.

Ana ƙulla hayar filayen lambu ne daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kafin ruwa ya ɗauke a fara yayyafa iri. In shugabannin kasuwannin Kudu za su tura wakilai su zauna da 'yan'uwansu na Farin Gada da Bukuru da masu filaye, to, tun watan Agusta ya kamata su hau mota.